Ɗumamen Jiya

Uku da rabi, rana ta faɗi a Talin.
Ƙanƙara ta binne layin tarago,
ni kuwa ina hawa na huɗu na tsohuwar masaƙa
da aka mayar ofis, ina kokawa da kalma ɗaya.

Shafin tikitin jirgin ruwa muke ginawa.
Akwai wani guntun umarni, makuro muke ce masa,
sau ɗaya aka rubuta shi, shafi arba'in ke kiransa,
shi ke buga farashi a gindin kowace tafiya.
Ya sa "keke" inda ya kamata ya ce "mota".
Na gyara. Na adana. Na sabunta allo.
Keke.

Na goge layin, na sake shi harafi-harafi.
Keke.
Na zargi idona, na zargi burauza,
na zargi Kaido da ya tafi hutu bai bar wa kowa bayani ba.
Sau goma sha ɗaya, kamar an shuka dusa.
Har na cusa zagi a tsakiyar fayil
don in ga ko zai fito.
Ko gezau.

Urmas na can gefen taga da baƙin burodinsa da kifin gwangwani.
Bai ko ɗago ba ya ce, "Leelo,
ba ke yake saurare ba.
Tun safe ya karanta samfurin, ya haddace, ya ajiye,
duk wanda ya tambaya sai ya ɗebo masa daga ajiya.
Miyar jiya yake ɗumama miki."

Na ce, to ai wauta ce.
Ya ce, "Ranar da mutum dubu tara suka zo neman kujera
za ki gode wa wautar.
Amma yanzu gini kike yi.
Mai gini ba ya son mai hadda,
mai duba yake so."

Fayil ɗin saiti, layi na sittin da biyu.
Sunan ma'ajiyar, alamar daidai, sannan kalma guda:
gaskiya.
Na share ta, na rubuta ƙarya.
Na tada sabar, na jira.

Daƙiƙa biyu allon ya yi fari fat,
yana komawa tushe yana karanto komai sabo,
sai ga mota,
sai ga zagina a ƙarƙashinta da manyan baƙaƙe.
Urmas ya yi dariya har ya ƙware.
Wato sai da na rubuta ƙarya
kafin injin ya faɗa mini gaskiya.

Yanzu shafin na tafiyar hawainiya,
amma abin da na sa shi nake gani.
Na manna 'yar takarda rawaya a goshin allo:
Juma'a, kafin a saki, mayar da gaskiya.
Na ja layi biyu, don na san halina.

A tarago wayata ta yi ƙara. Mama ce daga Tartu.
Ta ce in na zo Lahadi za ta yi miya ba albasa,
tunda ba na ci.
Shekara goma sha bakwai ke nan ina cin albasa.
Na buɗe baki zan gyara mata,
sai na ga fuskata a gilashi, da hular da ta saƙa mini,
na tuna ni ma har yau in na rufe ido
baƙin gashi nake gani a kanta.

Na ce, to Mama, ba albasa.
Taragon ya tsaya a bakin tashar jiragen ruwa,
mutane suka sauka da kekunansu.